Kiɗan Barazil a Bakin Tiren Shayi

A tashar motar unguwar Hindawiyya, a ƙasa mai tsarki, Salihu mai shayi ya kasa kunne ga wani fasinjan Jidda da ke ƙwanƙwasa benci da yatsu.

"Samari, wannan wane kiɗa ne?"

"A jirgin ruwa na ji shi, Baba. Na Barazil ne, an gauraya da kiɗan jaz. Wai kewar garinsu ce ta sa mawaƙin ya rera."

"Ai kana sauri. Kewa ba ta gudu haka."

Salihu ya kife tire, ya buga a hankali.

"Kai makaɗi ne?"

"Da can, a Maraɗi. Kalanguna na sayar na zo hajji, shekara goma sha bakwai ke nan."

Direba ya yi kira, mota ta cika.

"Yalla, ku tafi," fasinjan ya ce wa direba, ya juyo ga Salihu. "Nan aka haife ni, Baba, ban taɓa jin kalangu ba. Sake bugawa."