Ɗan Sandan Da Ya Kama Ƙanensa

Muna tashar Birnin Kebbi muna jiran motar Argungu ta cika, sai Gbadebo mai kayan babur ya ƙulla ciniki da wani manomi da ke gefensa.

"Malam, ba ni labarin ƙwallon jiya, ni kuma in ba ka ƙarshen wasan 'yan sandan nan na talabijin, tunda ka ce ba ka samu ganinsa ba."

"Na yarda. An ci mu ɗaya da nema. Ɗan bayanmu ya taɓa ƙwallo da hannu, alƙali bai gani ba, yaron da kanshi ya faɗa. Aka ba su fenariti."

"Kai! Wa ya aike shi?"

"Haka kowa ya ce. To, wasan fa?"

"Sufeto ya gano ƙanensa ne ya yi kisan. Ya sa masa ankwa da hannunsa. Ni dai sun ɓata mini wasa, jini ai jini ne."

Manomin ya ce, "An nuna uwarsu?"

"Ba a nuna ba."

"An nuna wanda ya ci tuwo da Sufeton ranar sallah bayan haka?"

"Malam, wasa ne fa. Me ya yi zafi?"

"Kotu za ni, shaida. Injin ban-ruwan maƙwabcinmu ya ɓata, ni kuwa na gan shi ɗakin ƙanena."

Gbadebo ya ci riba, ya sami labarin ƙwallonsa cikakke. Manomi ne ya faɗi, don wurin da yake son ji, masu wasan ba su kai can ba.