Risho ya koma koridon gidanmu

Ina gaishe ka mai gabatarwa, da masu sauraro duka. Sunana Saratu, daga Kafanchan.

A gidan hayarmu akwai siririyar hanya tsakanin ɗakuna, ƙofa na kallon ƙofa. Ita muke kira korido. Duhu gare ta ko da rana, amma in ana ruwa nan mata suke kunna risho.

A daminar bara maƙwabciyata, Maman Yohanna, tana suyar ƙosai a wurin. 'Yata Rifkatu ta shigo a guje daga makaranta, ta yi karo da kaskon mai. A asibiti ta rasu.

Maman Yohanna ta yi kuka kamar ita ta haife ta, ban riƙe ta a zuciya ba. Amma damina ta dawo, risho ya koma korido, ƙanin Rifkatu kuma ya fara rarrafe. Da na yi magana sai ta ce, "Yaya, da ƙosan nan nake ciyar da yarana. Ina zan kai shi?"

Yanzu wuni nake yi goye da yaron, yana kuka yana son sauka. Jama'a, ku ba ni shawara. In kai ƙara wurin mai gidan ya kore ta, ko ni in kwashe kayana?