Wadda Femke Ta Zaɓa

A ɗakin jira na wani asibitin haihuwa a Groningen, wata dattijuwa ta tare wata mata a bakin ƙofa.

"Ke ce ungozomar Femke?"

"A'a, Mama, doka ta hana ni wannan sunan. Ni dula ce, mai zama da mace lokacin naƙuda."

"Ina takardarki?"

"Doka ba ta neman takarda a wurinmu. Kowa na iya zama dula."

"Kowa? To, ni ma na zama! Ni na haife ta. Matsa in shiga."

"Sai wadda mai naƙudar ta zaɓa, Mama."

Dattijuwar ta koma ta zauna.

"In Femke ta tsorata, ƙeya ake shafa mata. Ko wannan ma ta riga ta gaya miki?"