Asalin Guntun Gicciyen da ke Akwatinmu

Shugaban taro, Fada mai girma, dattawan Zumuntar Kiristocin Hausa ta Bronx, iyayena mata, 'yan'uwa da kuka cika wannan ɗaki, salama a gare ku. Na gode da kuka ba ni dama kafin a ɗaga hannu kan korar Barmo.

Kun san ni. Na sauka garin nan da riga biyu, ban da kawu, ban da digiri. Na wanke mota, na tuƙa tasi, na buɗe shago a Fordham Road, na kawo ƙannena huɗu. Ba wanda ya tallafe ni, don haka ba wanda ya sa ni magana yau.

Na farko, guntun icen da na ba zumunta a 2009 da sunan guntun gicciyen Ubangiji. Wasunku na cewa daga Urushalima ya fito, wasu na cewa daga Faransa, har an daina gaisawa a kai. Ni kuwa na ce muku wani Fada ne ya ba mahaifina a Dogondoutchi. Ƙarya na yi. Akwatin azurfar, a wajen mai gwanjo na saye shi a Tremont, ba komai a ciki. Icen kuma, da wuƙata na ɓantaro shi daga muciyar uwata, Allah Ya ji ƙanta. Masu ilimi sun zo da turancinsu, ni ma na so a kalle ni.

Na biyu, Barmo. Da masu bincike suka ce icen ƙasarmu ne, sai kuka ce Barmo, mai riƙe makullin akwatin, shi ya musanya shi. Ya same ni a shago, ya ce, "Yaya, kai ka san kamanninsa, ka faɗa musu." Na ce masa ina da kwastoma. Wata uku kenan bai iya shiga coci ba, ni kuwa ina kujerar gaba.

Iyayena mata da kuka durƙusa gaban icen nan shekara bakwai, ban iya kallonku ba. Barmo, ka yafe mini in za ka iya.

Ubangiji Ya tsare wannan taro, Ya mayar wa Barmo mutuncinsa. Sakatare, kada ka rubuta "wani ɗan'uwa". Rubuta Istifanus Gado, cikakke, a inda ka shirya sa sunan Barmo.

Na gode.