Ƙulli a Saiwar Shinkafa

A tashar Ƙauran Namoda, motar Zurmi ba ta cika ba. Wani dattijo ya leƙa ledar mutumin da ke gefensa, ya ga tushen shinkafa.

"Malam, wagga shinkafa ciwo gare ta."

"Mai maganin feshi na kawo wa ya duba. Ban yi huɗa ba, na bar karan bara ya rufe ƙasa, na shuka iri kai tsaye. Haki ya taso, na yi feshi sau biyu. Hakin ya mutu, ita kuma sai ƙara rawaya take."

Dattijon ya karkaɗe saiwar. "Ka ga ƙulle-ƙullen nan? Tsutsa ce ciki, ido bai ganinta, feshin haki kuma bai taɓa ta. Shekara nawa kana shinkafa wurin?"

"Biyar a jere."

"To kai ka kiwata ta. Baɗi sa gyaɗa ko riɗi, ka kai shinkafar wata gona."

"Ɗayar tana bayan Birnin Tsaba, Baba. Tun da aka ɗauke ƙanena cikinta ban sake taka ta ba."

Dattijon ya mayar da tushen cikin leda, ya ɗaure bakin.

"To raba wagga gona biyu, rabi gyaɗa rabi shinkafa, kana juyawa. Ni ma haka na yi da tawa."