Mai Ƙoda Ɗaya

A ɗakin jiran likitan zuciya, wata dattijuwa ta miƙe kumburarrun ƙafafunta, magidancin da ke gefenta yana ta latsa waya.

"Mama, ke ma zuciyar ce?"

"Ita ce, ɗan nan."

"Ƙodarki fa? Na karanta wai ƙoda ke samar da wani sinadari mai rage saurin tsufa. In ta yi rauni sai ya ragu, zuciya ta gaza."

"Ɗaya gare ni. Ɗayar tana jikin autana."

"Kin gani! Da ba ki bayar ba..."

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Da na yi me? In zauna da fuska sumul ina karɓar gaisuwar mutuwar ɗana? Tsufan ya zo, ina nan ina jiransa. Da uku gare ni, biyu zan ba shi."

"Ai ba kowa zai iya ba. Mutum yana da ƙananan yara, a ce ya ba da tasa..."

"Kai wa ya roƙe ka?"

Ya kife wayar a cinyarsa.

"Yayana."

"To gwaji ka zo yi, ko hujja ka zo nema? Matsa min, an kira ni."