Baba Ya Koma Gonar Albasa

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Hadiza ce daga Aliero.

Da Inna ta rasu, yayyena suka hana Baba zuwa gonar albasa, wai ya huta. Kaɗaici ya jefa shi shan giyar da ake sayarwa da sunan maganin ciwon baya, har ya daina cin abinci.

Amininsa Malam Garba ya zo daga Maiyama, ya ce mana, "Ba giya yake so ba, aiki da hira ya rasa. Ku mai da shi gona."

Muka mai da shi, yana kuma ganin likita a Jega. A gaishe mini da Malam Garba, Allah ya saka masa. Jiya Baba ya yi mini faɗa kan ruɓaɓɓiyar albasa, wallahi ban taɓa jin faɗa mai daɗi haka ba.